Sunana a Layin Godiya

Jirgin ƙasa ya sauke ni da hantsi a wani gari na gabashin Turai, garin da sai da na yi wata biyu a cikinsa kafin bakina ya iya faɗin sunansa daidai. Kaftani ne a jikina da 'yar suwaita, sanyi kuwa ya kama mani kunnuwa kamar ana yanka su da reza. Ina tsaye riƙe da akwati ina raba ido, sai na ji an ce daga bayana, "Ɗan Zakka, an iso?"

Dakta Sanusi ke nan, mutumin Ruma ta ƙasar Batsari, abokin yayana Sale tun suna makarantar kwana. Tun ina ƙarami Yaya nake ce mashi. Shi ya nemo mani gurbin karatun digirin digirgir a jami'ar da yake aiki, shi ya yi ta faɗi-tashin takarduna. Ya rungume ni, ya tambayi Inna, ya tambayi matata Rabi da ɗiyarmu, ya tambayi mutanen garinmu Zakka ta ƙasar Safana gida-gida. A masaukinsa ya tuƙa tuwo da miyar kuka da hannunsa. Muna ci ya ce, "Kabiru, a ƙasar nan ba ka da uwa ba ka da uba, sai ni. Kome ya dame ka, ni za ka faɗa wa."

Na ce, "Allah ya bar zumunci, Yaya." Har cikin raina na faɗa.

Wurin aikin namu a ƙarƙashin ƙasa yake, ƙasan wani babban asibiti. Can aka girke injin da ke samar da sinadari mai fitar da tiririn nukiliya. Aikinmu shi ne mu ɗauki ɗan kaɗan daga wannan sinadari, mu ɗaure shi jikin wani abu da ƙarin ciwon daji yake ja, a yi wa mara lafiya allura. Ruwan ya bi jini ya je ya taru inda ƙarin yake, a shigar da mutum na'urar hoto, sai wurin ya fito yana haske. Da na yi wa Inna wannan bayani a waya, sai ta ce, "Wato dai irin mai bin sawun shanu ne." Na ce haka ne, Inna. Babu farfesan da ya taɓa yi mani bayanin da ya fi wannan.

Sai dai abin ba ya jira. Kafin sa'a biyu rabin ƙarfinsa ya tafi, saboda haka komai a guje ake yin sa. Ana aikin ne cikin wani akwati mai kaurin dalma, kana leƙe ta ɗan gilashi. Kowannenmu kuma yana da zoben roba da yake sawa a yatsa, wanda ke auna yawan tiririn da hannu ya sha. Duk ƙarshen wata a karɓa a duba. Wanda nasa ya kusa iyaka, a dakatar da shi.

Mai kula da injin wata dattijuwa ce, Madam Halina, ba ta da fara'a ko kaɗan. Ni Halima nake ce mata, ba ta taɓa gyara mani ba. A sati na biyu ta tarar da ni ina sallar azahar a bayan ƙofa, kan kwali. Washegari ta ja ni zuwa ɗakin ajiye kaya, ta nuna mani wani lungu da ta share, ta shimfiɗa tsohon bargo. Ta nuna agogo, ta nuna ni, ta fita.

Ni kuwa akwai abin da na zo da shi a zuciya. Kawu Mamman, ƙanen Inna, makiyayi ne, mutum mai ƙarfi. Ya fara tari, aka ce tarin fuka ne, ya yi kusan shekara yana shan magani yana ramewa. Sai da aka kai shi babban asibiti aka gane ciwon daji ne a huhu, a lokacin kuma ya riga ya ci jiki. Da na fara karatu na gane cewa ko da an yi mashi irin hoton da muke yi, ba lalle a rabe ba, domin ruwan da aka saba amfani da shi dangin sukari ne. Ƙari yana jan sa, gyambon tarin fuka ma yana jan sa, duka biyun su yi haske. Su a can Turai tarin fuka bai cika damunsu ba. Mu kuwa da wuya ka sami zuri'ar da bai taɓa ba. Burina in haɗa ruwan da ƙari kaɗai zai ja.

Na zayyana wa Yaya Sanusi komai wata ranar Lahadi, har da zanen yadda nake ganin za a haɗa shi. Ya daɗe yana kallon takardar.

Ya ce, "Ƙanena, kana da kai. Amma kada ka kai wa Farfesa yanzu. Mutanen nan ba sa son magana sai da hujja a hannu. Ka yi ta aikinka, ni zan riƙa shigar da kai a hankali."

Farfesa shi ne shugaban sashen. Yana jin Turanci, amma taron mako da harshensu ake yi, Yaya ne ke fassara mani abin da aka ce, shi ne kuma ke isar da nawa. Baƙo ko da ido makaho ne. Na bi shi kamar yadda makaho ke bin ɗan jagora.

Shekara ɗaya da rabi na yi a kan aikin nan. Ina shiga ƙarƙashin ƙasa bayan sallar asuba, in fito rana ta faɗi, a lokacin sanyi sai in yi sati ban ga hasken rana ba. In haɗa ya ƙi ɗauruwa. In haɗa ya ɗauru, a yi wa ɓera allura ya tafi hanta ya zauna. Ga kewar gida. Mutanenmu sun bar Zakka sun koma cikin garin Safana saboda 'yan bindiga, gona sai a saci jiki a je a dawo. Duk wayar da ta shigo daga gida sai gabana ya faɗi. Ɗiyata ta fara magana ba na nan, a waya na fara jin ta ce Baba.

Akwai injin da ke haɗa ruwan da kansa, amma na allurar marasa lafiya ne, ba a taɓa shi don gwaji. Sabon abu irin nawa da hannu ake yi, da dogon hantsaki. Wata rana aka kira ni aka ce awon zobena ya yi sama, idan ya ƙara za a hutar da ni. Hankalina ya tashi, na nufi ofishin Yaya.

Ya rufe ƙofa ya ce, "Idan suka dakatar da kai wata uku, aikin ya mutu, tallafin karatunka ya shiga tangal-tangal, biza kuma a jikinsa take. Ranar da aiki ya yi yawa, ka ajiye zoben cikin aljihun tebur. Kowa yana yi."

Na ce, "Yaya, ba laifi ba ne?"

Ya ce, "Laifi shi ne ka koma Safana hannu rabbana."

Na sani ba daidai ba ne. Ni da na karanta illar abin, na fi kowa sani. Amma na yi. Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo, wannan kam laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Kan yatsuna biyu na dama ya fara bushewa yana ja, na riƙa ɓoye shi cikin safar hannu.

Ranar da abin ya yi, ƙanƙara ake zubawa a waje. Ɓeraye biyu muka shigar, ɗaya mai ƙari, ɗaya mai gyambon huhu irin na tari. Hoton ya fito a hankali. Mai ƙarin ya nuna ɗigo guda yana ƙyalli kamar garwashi, ɗayan kuwa huhunsa duhu. Na maimaita da wasu, haka. Madam Halina ta cire tabarau ta goge, ta buga mani kafaɗa da ƙarfi har sai da na yi tangaɗi. Na shiga lunguna na yi sujada, na yi wa Kawu Mamman addu'a, na yi kuka kamar yaro.

Yaya Sanusi ya fi ni murna. Ya yi ta kabbara. Sannan ya ce, "Kawo littafin aikinka in fassara wa Farfesa da harshensu, yadda zai shige shi." Littafi ne mai baƙin bango, duk abin da na yi tun ranar farko yana ciki da rubutun hannuna. Na miƙa mashi da hannu biyu.

A cikin kwanakin ne aka kai hari gefen Zakka, aka ƙone rumbunanmu, aka harbi yayana a cinya. Yaya Sanusi da kansa ya nemo mani izini. Ya ce, "Je ka ga Inna, ka duba abokina. Nan ina nan." Na yi sati biyar a Safana ina jinya. Duk wanda ya zo dubiya sai na ba shi labarin kirkin mutumin Ruma.

Ranar da na koma aiki, na tarar da wata babbar takarda an manna a bangon baranda. Daga nesa na gane hoton ɓerayena. Na matsa. A sama sunan Yaya Sanusi ne na farko, sai wasu mutum biyu da ban taɓa gani a ƙarƙashin ƙasa ba, sai Farfesa. Na bi layi-layi da yatsa. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, na ga sunana. Madam Halina tana tsaye a bayana, ta fassara mani da guntun Turancinta: ana gode wa ɗalibi Kabiru saboda taimakon da ya yi wajen wanke kaya da haɗa ruwa. Ta kuma gaya mani an riga an shigar da takardar neman mallakar fasahar, da waɗancan sunaye.

Ban san lokacin da na hau bene ba. Na sami Yaya Sanusi a ofishinsa yana shan shayi.

"Yaya, mene ne wancan a bango?"

"Zauna mana, ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Mene ne wancan?"

Ya ajiye kofi. "Kabiru, kai ɗalibi ne. Haka tsarin yake, ni ma an yi mani. Shekarata nawa a nan ina jiran abin da zai tabbatar da ni a kujera? Idan na zauna da gindina, kai ma ka zauna. Naka yana gaba."

"Amma tunanina ne. A ɗakinka na zana maka."

Fuskarsa ta canza. "Wa ya kawo ka ƙasar nan?"

Na ce, "Allah."

Ya ce, "To, je ka."

Na tafi wajen Farfesa kai tsaye, karo na farko ba tare da tafinta ba. Ya saurare ni da mamaki. Ya ce shi abin da aka gaya mashi tun farko shi ne, Dakta Sanusi ya daɗe da wannan tunani, ya kawo ɗan garinsu ne don ya zama hannunsa. Ashe duk taron da nake magana ana gyaɗa kai, ban san me ake isarwa ba. Farfesa ya ce in kawo littafin aikina. Aka kira Yaya, ya ce shi bai karɓi wani littafi ba, ya fito da nasa bayanan da aka buga a kwamfuta, tsaf-tsaf. Kalmomina ne, har da kuskuren lissafin da na taɓa yi na gyara.

Bayan sati biyu takarda ta zo daga kwamitin kiyaye lafiyar ma'aikata. Ana tuhumata da yin aiki ba zobe. Mutum biyar suka zauna a dogon tebur, aka ajiye hotuna a gabana: zobena a cikin aljihun tebur, ranaku daban-daban. Na duba kwanan watan hoton farko. An ɗauke shi tun watanni kafin aikin ya yi nasara, a lokacin da ni da Yaya muke cin tuwo a kwano ɗaya, shi kaɗai kuma ya san inda nake ajiye zoben. Yaya Sanusi ya ba da shaida da murya mai rauni, ya ce ya sha yi mani faɗa, ya rufa mani asiri ne saboda ɗan'uwantaka, amma yanzu yana tsoron lafiyata. Likita ya duba yatsuna. Ban yi musu ba, na ce na aikata. Aka hana ni shiga ɗakin gwaji, aka tsayar da tallafina, aka ba ni wata uku in san inda dare ya yi mani.

A baranda na tare shi. Na ce, "Yaya, kai fa ka ce in ajiye shi."

Ya waiga ya tabbata ba mai jin Hausa, ya ce, "Da ka iya bakinka, da ka gama lafiya." Ya wuce.

Na bar masaukin ɗalibai. Wani Balarabe mai sayar da gasasshen nama, wanda muke haɗuwa a masallacin Juma'a, ya ba ni ɗaki a saman shagonsa, ina taya shi wanke-wanke. Bai taɓa tambayata abin da ya faru ba. Wata guda na yi ina ɓoye wa Rabi, ina ce mata aiki lafiya. Rannan ta ce, "Baban Hafsa, muryarka ba taka ba ce. Kuma ka daina kiran sunan Yaya Sanusi." Nan na gaya mata komai. Ta ce, "In dawowa ce ka dawo, ba wanda zai yi maka dariya a gidan nan. In tsayawa ce ka tsaya. Amma kada ka roƙe shi."

Madam Halina ce ta nemo ni har shagon. Ta shigo da jaka, ta zube takardu a kan teburin cin abinci. Kwafin rajistar injin ce, inda duk wanda ya karɓi sinadari yake sa hannu. Shafi bayan shafi sunana ne. Ta rubuta wasiƙa kuma, ta ce ita tun da aka fara wannan aiki ba ta taɓa ganin Dakta Sanusi ya riƙe hantsaki ba. Saura mata 'yan watanni ta yi ritaya. Na ce kada ta jawo wa kanta. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Me za su yi mani, su tsofar da ni?"

Na ɗaukaka ƙara. Amsarsu ba ta da tsawo. Suka ce rajista ta nuna hannun da ya yi aiki, ba ta nuna kan da ya yi tunani ba, saboda haka sunaye suna nan yadda suke. Abin da kawai suka sassauta shi ne, sun yarda in koma wata jami'a ba tare da an bi ni da baƙar takarda ba. Madam Halina ta kira wani tsohon abokin aikinta a wani ƙaramin gari kusa da iyaka, ya karɓe ni bisa maganarta kaɗai. Na sake farawa daga tushe, a kan wani aikin daban, domin wancan ya zama mallakar wasu, ko taɓa shi ba ni da iko. Shekara uku na ƙara. Na koyi harshensu har na daina neman tafinta. Yatsuna sun warke, sai dai har yau ba sa son sanyi.

Da na dawo gida na sami aiki a wani asibitin koyarwa. Yayana, da ya ji cikakken labari, ya rantse sai an kai ƙara wajen mahaifin Sanusi, Malam Idi, yadda aka saba idan ɗa ya ci amana. Na ce ni zan je da kaina. Na hau babur daga Safana da hantsi, ina tsara maganata a hanya, ba abin da zan rage.

Malam Idi ya bar Ruma, yana zaune a wani ɗan gidan haya a bakin garin Batsari. An kore shanunsa kaf, gonakinsa sun zama daji, idonsa kuma ya yi rauni. Na same shi a zaure kan buzu. Na durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai. Wane ne?"

"Kabiru ne, ƙanen Sale na Zakka."

"A'a, ɗan Turai! Lale, lale. Kun zo lahiya? Ina Innarku? Ya ƙafar Sale? Ya muka ji da wannan zamani?"

"Sai godiya, Baba."

Muka daɗe muna gaisawa. Na gyara zama zan fara, sai ya ɗaga sanda ya nuna bango. Takardar nan ce ta bangon baranda, an rage girmanta an sa a gilashi, ga hoton ɓerayena. Ban da ita da buzun da buta, ba komai a zauren.

Ya ce, "Yauwa, Allah ya kawo ka. Sanusi ya aiko mani da wannan, an ce abin alheri ya ƙirƙiro. Duk wanda na tambaya sai ya ce Turancin likita ne, shi kuma in ya kira sauri yake yi. Kai da kuka zauna tare, hwaɗa mani da Hausa, mi yaron nan ya yi?"

Na dubi tsohon. Ya karkato kunne, bakinsa a ɗan buɗe, yana jira. Na ajiye maganar da na tsaro tun daga Safana.

Na sauko da gilashin na ɗora a cinyata. Na fara daga farko. Na gaya mashi yadda ƙari yake ɓuya a huhu, yadda ake rikita shi da tarin fuka har mutum ya rasa ransa ana yi mashi maganin abin da ba shi ke damunsa ba. Na gaya mashi yadda ake haɗa ruwan a guje, da yawan gwajin da ya lalace, da safiyar da ɗigon ya yi haske. Na kama yatsansa na ɗora a kan wurin. Ban ce ni ba, ban ce Sanusi ba. Na ce an yi, an yi. Ya yi ta tambaya, ina amsawa, har aka kira azahar.

Sannan ya ɗaga tafukansa sama ya ce, "Allah ya yi wa hannun da ya yi wannan aiki albarka. Allah ya sa ya gama da duniya lahiya."

Na ce, "Amin, Baba."

Na mayar da gilashin a ƙusarsa, na daidaita shi. Muka yi salla, na yi mashi sallama da wuri saboda hanya. A gida yayana yana ƙofa yana jira, dogare da sandarsa. Ya ce, "Ka faɗa mashi?"

Na ce, "Tsohon nan ba abin da ya rage mashi sai bangon nan."

"To shi Sanusin fa, ka yafe ke nan?"

Na kafe babur, na cire hula na share zufa. Na ce, "A'a. Wannan tsakanina da shi ne, kuma akwai ranar da ba a buƙatar tafinta."